Labarin Nesa da Bakin Fada: Shin Akwai Alhaki a Kan Mai Tofa Albarkacin Bakinsa?

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Adar labari ba ya kwana a hanya. Abin da aka zartar da hantsi a Yamai, ko a Abuja, ko a Abijan, kafin la'asar ya iso Tawa, kafin magariba kuma ya ratsa arewa maso gabas zuwa Barmu da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Da isowarsa sai a yi masa zobe a fada, ana dafa shayi ana jujjuya shi. Wannan ya ce an kyauta, wancan ya ce an cuce mu, wani ya yi dariya ya ce duk bakinsu ɗaya, wani kuma ya ɗauki waya ya naɗi muryarsa ya aika wa ɗan'uwansa da ke can biɗa a bakin teku. Ba a cika ɗaukar irin wannan magana a bakin komai ba. Shi kansa mai yin ta, in aka tuhume shi, cewa zai yi, "Ai hira ce kawai."

Abin da wannan maƙala take son dubawa shi ne ko da gaske hira ce kawai. Mutumin da bai kafa doka ba, bai rufe iyaka ba, bai ƙara wa kaya farashi ba, illa dai ya ji labari ya faɗi abin da ya zo masa a baki, shin akwai wani alhaki a wuyansa? In kuwa akwai, ta yaya za a ɗora masa shi ba tare da an ƙwace masa ɗan abin da ya rage a hannunsa ba, wato bakinsa? Amsoshi biyu ne suka fi saurin zuwa. Ta farko ta wasu masu ilmin boko ce, waɗanda ke cewa wanda bai san tattalin arziki ba ya yi shiru ya bar wa masana. Ta biyu ta ƴan fada ce, masu cewa bakin mutum nasa ne, kuma magana ba ta kisa. Kowacce daga cikinsu ta riƙe wani yanki na gaskiya, ta saki wani.

Dalilin da ya sa talaka yake da ta cewa

Mu fara da amsar masu cewa a bar wa masana. Tarihin ƙasar nan na kusa bai goyi bayansu ba. A damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a sassa da yawa, fara kuma ta sauka a kan gonaki da makiyaya, jihar Tawa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Tun kafin wani rahoto ya fito, matan da suka koma tsinkar anza suna jiƙa ta kwana da kwanaki don su kashe ɗacinta sun san halin da ake ciki. Makiyayin da ya kawo akuya kasuwar Barmu, ya ga kuɗinta ba su kai su saya masa tiyoyin hatsin da ta saba kawowa ba, shi ma ya sani. Amma har cikin watan Agusta na 2005 shugaban ƙasa na lokacin, Tandja Mamadou, yana shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. A wannan gaɓa, zancen fada da na bakin rijiya ya fi zancen fadar shugaban ƙasa kusa da gaskiya.

A cikin shekarar ce kuma, a watan Maris, jama'a suka fito a Yamai da sauran manyan garuruwa suna ƙin harajin kashi 19 cikin 100 da aka ɗora a kan kayan masarufi irin su garin fulawa da madara da ruwa da wutar lantarki. An rufe kasuwanni, an kama jagororin ƙungiyoyin farar hula, daga bisani gwamnati ta janye harajin daga kan da yawa daga cikin kayan. Yawancin waɗanda suka rufe shagunansu ba su taɓa karanta dokar kasafin kuɗi ba. Abin da suka karanta shi ne farashin da ke gabansu, kuma sun karanta shi daidai.

Ke nan hujjar talaka ta yin magana a kan siyasa da tattalin arziki ba daga makaranta ta fito ba. Ta fito ne daga cewa a kansa labarin yake sauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk wanda ya ce wa mutumin Barmu ya yi shiru har sai ya fahimci yadda bankin BCEAO yake aiki, a haƙiƙa ce masa ya yi ya yi shiru har abada, alhali kuwa bankin bai jira fahimtarsa ba kafin ya shiga aljihunsa.

Labari guda, fuska biyu

Sai dai kuma sanin inda ɗaki yake yoyo daban, sanin inda hadari ya taso daban. A nan ne amsar ƴan fada take fara rauni. Alal misali, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa a kan sefa 50 ya koma sefa 100. A lokacin Mahamane Ousmane ne shugaban ƙasa, firaministansa kuwa ɗan Adar ne, Mahamadou Issoufou na Dandaji. Ma'aikacin gwamnati a Tawa, wanda albashinsa bai motsa ba amma magani da kayan gyaran mota da duk abin da ake shigowa da shi daga Turai suka yi tashin gwauron zabo, ya kira abin masifa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma mai kai shanu da raguna da albasar Galmi zuwa ƙasashen bakin teku ya samu kasuwa ta buɗe masa, domin naman da ake shigowa da shi daga ƙetare ya yi tsada a can. Shi ma da ya ce abin alheri ne bai yi ƙarya ba. Kowannensu shaida ne a kan abin da ya same shi. Ƙarya tana shigowa ne a lokacin da ɗayansu ya ɗauki abin da ya same shi ya mai da shi hukunci a kan ƙasa baki ɗaya, ya kuma ɗauki wanda ya saɓa masa a matsayin maƙiyi ko sayayye.

Haka abin ya sake kasancewa a ranar 29 ga Mayu 2023, da shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sannan a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Matakin na wata ƙasa ne, amma ya biyo hanyar Illela da Birnin Ƙwanni ya iso Adar: man da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya ya yi tsada, mai kai dabbobi kasuwannin Nijeriya kuma ya tarar nairar da aka biya shi ta ragu in ya mai da ita sefa, yayin da mai sayo wasu kayan daga can ya samu sauƙi na ɗan lokaci. Wanda zai yanke wa irin wannan labari hukunci kafin shayin farko ya nuna, babu makawa fuska ɗaya ya gani.

Magana iri uku

Daga nan za a iya rarrabe magana iri uku da mutum yake yi in labari ya iso. Akwai shaida, wato abin da ya gani da idonsa ko ya biya da kuɗinsa: yau na sayi tiya kaza. Akwai ra'ayi, wato yadda ya auna abin a zuciyarsa: ni a ganina ba a yi mana adalci ba. Akwai kuma isar da labari, wato abin da ya ji daga wani: an ce gobe za a rufe iyaka. Shaida haƙƙinsa ce, wani lokaci ma wajibi ce a kansa. Ra'ayi shi ma haƙƙinsa ne, ko da ya yi kuskure a cikinsa, domin ra'ayin da aka faɗa a matsayin ra'ayi yana barin wa mai sauraro ƙofar ƙi. Alhakin ya fi nauyi a kan na ukun, musamman in an sanya masa rigar na farko, wato in "an ce" ta rikiɗe ta zama "wallahi".

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman hadisi sun gina ilmi sukutum a kan tambaya guda, wato wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, har a kai ga wanda ya gani. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ita ce ake kafa hujja da ita a kan wajabcin bincikar labari kafin a yi aiki da shi, kuma dalilin da aka bayar a cikinta shi ne gudun cutar da mutane cikin rashin sani. Abin mamaki shi ne mutumin da ba zai yarda a karanta masa hadisi ba sai an faɗa masa littafin da ya fito, shi ne zai karɓi muryar wanda bai san sunansa ba a kan cewa an buga sabon kuɗi. A 2024, bayan da aka fara zancen yiwuwar kuɗin bai-ɗaya tsakanin Nijar da Mali da Burkina Faso, hotunan takardun kuɗi sun yi ta yawo a wayoyi alhali babu hukumar da ta buga su. Ga mai albashi wannan abin dariya ne. Ga tsohuwar da ta ƙulle ƴan jikkunanta a bakin zane, tana tunanin ko ta yi maza ta rabu da su kafin su zama takarda, abin bai yi kama da wasa ba.

A kasuwa ma jita-jita tana da farashi. In aka ce za a rufe iyaka, mai hatsi ya kulle rumbu yana jiran tsada, mai rago ya sayar da gaggawa yana gudun faɗuwa. Ko da labarin ya tashi ƙarya, asarar da aka yi a kansa ta tabbata, kuma wanda ya fi kowa ƙarancin jari shi ne ya fi ɗaukar ta.

Abin da ya faru a Abijan

Mai cewa magana ba ta kisa, ya tuna da ranar 19 ga Mayu 2021. A ranar ce wani bidiyo ya bazu a Abijan, aka ce ƴan Nijar ne ke azabtar da ƴan Kodibuwa. Wata mata ta hau Facebook ta yi sharhi a kansa cikin fushi. Kafin dare matasa sun far wa ƴan Nijar a unguwanni irin su Abobo da Yopougon, aka jikkata mutane da dama, aka wawushe shaguna, aka kuma rasa rai. Daga baya ta tabbata cewa bidiyon tsoho ne, a Nijeriya aka ɗauke shi, kuma babu ruwansa da ƴan Nijar ko ƴan Kodibuwa. Kotu ta yanke wa matar ɗaurin shekara biyar.

Wannan labari ya shafi Adar kai tsaye, domin da wuya a samu gida a Barmu ko Kalfu ko Kaita da ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, kuma kuɗin da ƴan biɗa ke aikowa su ne ke cike giɓin rumbu a gidaje masu yawa. Dubban mutanen da suka tura wa junansu bidiyon nan ba su ɗauki sanda ba. Kowannensu, in an tambaye shi, zai ce shi dai gani ya yi ya tura. Amma sandar da ta sauka a kan mai shago ɗan Adar ta bi ta hannun kowane ɗaya daga cikinsu. Alhakin da aka raba wa mutum dubu ba ya ɓacewa don an raba shi, sai dai kowa ya daina jin nauyin kasonsa, kuma wannan rashin jin nauyi shi ne ainihin haɗarin. Mu da aka yi wa haka a ƙasar wasu, mun fi kowa cancantar yin hattara a ranar da aka kawo mana hoton da aka ce wata ƙabila ce ta aikata ta'asa, musamman a jihar da ta ga kisan mutum 137 a yankin Tiliya a ranar 21 ga Maris 2021, inda zukata ke cike da raɗaɗi kuma neman wanda za a ɗora wa laifi yake da sauƙi.

Abin da fada take da shi

Ba yau Bahaushe ya fara sharhi a kan labarin duniya ba. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 ake zagaye akwatin rediyo ana musu. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an yi musun da murya ƙasa-ƙasa don tsoron kunnen gwamnati. Babban taron ƙasa na 1991 ya saki bakuna, fadodi suka yawaita, gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara suka biyo baya. To, me ya canza?

Fada tana da birki nata da ba a rubuta ba. Mai magana a fada yana da fuska, an san ubansa, an san ko ya saba ƙari a zance. In ya ce an rufe hanyar Abalak, akwai direban da zai ce jiya ta can na biyo. In ya wuce gona da iri, akwai wanda ya girme shi da zai ce, "Kai yaro, sassauta." In ya zagi wasu mutane, wataƙila ɗaya daga cikinsu ne ke miƙa masa kofin shayi. Hatta wasan da ke tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014, yana da sharaɗi: an san abokin wasan, kuma yana nan zaune yana da damar ramawa. Sannan maganar fada tana watsewa tare da watsewar fada.

Muryar da aka naɗa a waya kuwa ta rabu da mai ita. Tana isa ga wanda bai san ko mai maganar mai gaskiya ba ne ko mai zolaya, ba ta ɗauke da kwanan wata, kuma tana iya dawowa bayan shekara biyu a ɗauke ta sabuwa. Magana zarar bunu ce tun asali, amma a da bunun ɗakinka kake zara. Mutum yana yin magana da sakin jikin da ya saba da shi a gaban abokai biyar, alhali kuwa taron da ke sauraronsa ya fi na ranar kasuwa. Kuskuren a nan na awo ne: ya auna maganarsa da mudun fada, ita kuwa ta shiga buhun duniya.

Shirun tsoro da shirun hankali

Wani zai ce to ai maganin abin doka ce. Nijar ta gwada wannan hanya. A 2019 aka kafa dokar laifuffukan da ake yi ta hanyar intanet, a 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 kuma aka mai da shi. An dakatar da RFI a watan Agusta na 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Kowa yana da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai. Abin da ya shafi tambayarmu shi ne doka tana iya sa mutum ya yi shiru, amma ba ta iya sa shi ya yi adalci. Mai shiru don tsoro yana haɗiye ƙarya da gaskiya tare, kuma gaskiyar da ya haɗiye wataƙila irin ta matan anza ce ta 2005, wadda ƙasa take bukatar ji. Bugu da ƙari, duk inda hanyoyin labari suka ragu, "an ce" ce take cike gurbin. Shirun hankali shi ne na mutumin da yake da damar magana, ya duba ya ga bai sani ba, ya ce bari mu ji tukuna. Wannan ba a dora shi da sanda, tarbiyya ce ke kawo shi.

Kada kuma a ɗauka maganar gama-gari ba ta taɓa yin alheri ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, aka kuma yi barazanar kawo sojoji. A kasuwanni da masallatai da tashoshin mota na Sakkwato da Katsina da Kano, talakawa suka yi ta faɗin abu guda: ba za a yaƙi dangi ba. Majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, malamai da sarakuna suka yi ta zarya zuwa Yamai, yaƙin bai auku ba, aka kuma ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. Ba a ce hirar tasha ita kaɗai ta hana yaƙi ba, amma tana cikin abin da masu mulki suka auna. Abin lura shi ne maganar da ta yi nauyi a lokacin shaida ce: mutumin Illela ya san ƙanwarsa tana aure a Ƙwanni, ba wani ne ya ba shi labari ba.

Kammalawa

Amsar tambayar da muka fara da ita ita ce, na'am, akwai alhaki a kan mai tofa albarkacin bakinsa, amma alhakin bai zama dalilin rufe masa baki ba. Abin da ake nema daga gare shi abu ne da kowa yake iyawa, ko ya shiga makaranta ko bai shiga ba: ya faɗi abin da ya gani a matsayin gani, abin da yake zato a matsayin zato, abin da ya ji kuma ya faɗi daga wa ya ji shi, in bai san mai shi ba ya bar maganar ta mutu a hannunsa. Kafin ya tura murya ko hoto, ya tambayi kansa wane ne zai kwana a asibiti ko ya yi asarar jarinsa in abin ya tashi ƙarya.

Akwai kuma kaso na musamman a kan masu karanta mujalla irin wannan, waɗanda Allah ya ba harshe biyu. Yawancin sanarwar gwamnati da ta banki da ta ƙungiyoyin duniya da Faransanci suke fitowa, mutumin Barmu kuwa ta bakin wani yake samun su, kuma a wurin fassarar ne labari ya fi karkacewa. A watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan matsayi ba zai wuce takarda ba in har malamin makaranta da ma'aikacin likita da ɗalibin jami'ar Tawa, in sun zauna a fada, sun gwammace su yi wa ƴan'uwansu dariyar jahilci maimakon su karanta musu abin da takardar ta ce, su nuna musu inda ta tsaya da inda ƙarin mutane ya fara. Wanda ya iya karanta asalin sanarwa, ya ji ana juya ta a gabansa ya yi shiru, ko ya ƙara mata gishiri don ta dace da jam'iyyarsa, alhakinsa ya fi na wanda ya tura ta cikin rashin sani. Allah ya sa mu fi ƙarfin bakunanmu.